Yadda Ake Haɗa Dabbobi Iri-iri a Shinge Ɗaya a Gidan Zoo

Mai kallo yana so ya jingina da shinge ya ga raƙumin dawa yana miƙa wuya, jakunan dawa suna kiwo a gindinsa, jimina tana ratsawa ta tsakaninsu, ya ce wa 'ya'yansa ga daji nan an kawo musu. Mu da muke share filin kowace safiya mun san abin da idonsa bai kai ba. A daji, dabbar da aka matsa wa tana da inda za ta nufa. A shinge kuwa, gudunta a jikin waya yake ƙarewa. Kusan duk matsalar haɗa dabbobi daga nan take tasowa.

Duk da haka aikin yana da riba in an iya shi. Fili ɗaya mai faɗi ya fi ƙananan keji uku, kuma dabbar da take da maƙwabta ba ta cika wannan kai-kawo na gundura a jikin shinge ba. Na yi haɗin nan sau da dama. Akwai waɗanda suka yi shekaru ba a ji kansu ba, akwai waɗanda na raba kafin rana ta take tsaka. Ma'aunina guda ne: mafi rauni a cikinsu tana ci, tana sha, tana kwanciya hankali kwance? In ba ta yi, haɗin bai yi ba, ko da ba a taɓa ganin ɗigon jini ba.

Kayan da za ka tanada

Na farko, kuma wanda in babu shi sai ka haƙura da aikin gaba ɗaya, shi ne wurin rabawa. Kowane iri ya kasance yana da ɗakin kwana ko ƙaramin shinge nasa, wanda zai iya zama a ciki har watanni in ta ɓaci. Sabon ma'aikaci yakan ce ai in sun yi faɗa ma san yadda za mu yi. Ranar da aka yi faɗan ba lokacin neman kafinta ba ne.

Sai ƙofofi masu zamewa waɗanda ake ja daga waje, ba sai mutum ya shiga ba. Sai raga mai ƙarfi ko shingen ƙarfe na wucin gadi da za ka raba fili biyu da shi, da tamfol ko allunan katako na tare gani. Don raba faɗa kana bukatar tiyo mai ƙarfin ruwa, usur, da manyan allunan da ake tura dabba da su. Wasu suna ajiye tukunyar kashe gobara mai fesa iska mai sanyi, saboda ƙararta da farin hayaƙinta suna firgita masu faɗa. In ba ka da ita, bokitin ruwa da murfin ƙarfe da za ka buga suna yin rabin aikin.

Ka nemi oba-oba ga kowane mutum, madubin hangen nesa, sikeli in akwai, da kyamara mai ɗauka cikin duhu. In babu kyamara, sai mutum ya kwana yana leƙe da tocila mai jan haske, wadda ba ta cika tayar da dabbobi ba. Littafi da biro kuwa kada ka raina su. Ka zana taswirar filin, ka kwafe ta da yawa.

Mutane ma kayan aiki ne: ɗaya a kowace ƙofa, ɗaya mai rubutu, ɗaya mai ba da umarni, da likitan dabbobi a tsaye da bindigar allurarsa, ba a ofis yana jiran waya ba.

1. Fara haɗa su a takarda

Rubuta sunan kowane iri, ka sa a gabansa: me yake ci, a ina yake wuni, yaushe yake barci, yaya namijinsa yake idan lokacin barbara ya zo, a ina macen take ajiye ɗanta. Abin da kake nema shi ne zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Wani a bisa itace, wani a ƙasa, wani a ruwa. Wani mai cin ganyen sama, wani mai kiwon ciyawa. Iri biyu da suke son abu ɗaya a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, su ne suke saɓawa, shi ya sa gwanki da kanki sun fi raƙumin dawa da zabo wuyar haɗawa, ko da yake ido zai ce su ne suka fi dacewa.

In dabbobin suna tafiya tare a daji, wannan alama ce mai kyau. A gidan zoo na Edinbura a Sikotilan, tun 2008 ake ajiye biran kapucin da ƙananan biran saimiri tare, kuma dama a dazuzzukan Kudancin Amurka sukan bi juna wajen neman abinci. Amma kada ka ɗauka cewa fitowa daga nahiya ɗaya ya wadatar. Jakin dawa da barewa makiyaya ɗaya suke a Afirka, sai dai a can barewa tana da sararin da za ta ba shi.

Mai farauta da abin farautarsa ba sa haɗuwa, komai ƙoshinsa. Hotunan da kake gani na zaki kwance a bayan barewa dabara ce ta gini. Carl Hagenbeck ya shahara da ita a gidan zoo ɗin da ya buɗe a Hamburg a 1907: rami mai zurfi ne a tsakani, an ɓoye shi daga idon mai kallo. A 2006, a wani wurin ajiye namun daji a ƙasar Holan, beyar da ake ajiye su tare da birai sun kama biri ɗaya suka cinye a gaban jama'a. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Waɗanda suka fi yaudarar sabon ma'aikaci su ne masu cin nama a ɓoye. Borin tunke zai yi wata shida yana tsaye kamar dattijo, ranar da agwagwa ta fito da 'yan tsaki ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Bika yana cin ɗan barewa. Karen ruwa, duk da ƙanƙantarsa, in sun taru suna iya janye biri cikin ruwa. Alade na daji ba ya barin ƙwai a ƙasa.

Abu na ƙarshe a takardar: za su iya barbarar juna? Jaki da jakin dawa suna haihuwa. Agwagin ruwa iri-iri suna gauraya cikin sauƙi. Biran orangutan na Borneo da na Sumatra an daɗe ana haɗa su kafin a gane ɓarnar, 'ya'yan da aka samu kuma ba su da gurbi a shirin kare kowane ɗaya daga cikin irin biyun. Har giwar Afirka da ta Asiya sun taɓa haihuwa a gidan zoo na Chester a Ingila a 1978, ɗan bai kai mako biyu ba ya mutu. In dole ne ka ajiye dangi na kusa tare, to su zama jinsi ɗaya, maza zalla ko mata zalla.

2. Kai wa likita jerin kafin ka taɓa ƙofa

A nan ne aka fi yin asarar da ba ta da magani, domin akwai cututtukan da wata dabba take ɗauke da su lafiya lau, ba ta ko tari, amma su kashe maƙwabciyarta. Gwajin da ya nuna dabba lafiyayya ce bai nuna cewa ba ta da haɗari ga wata ba.

Ga waɗanda ya kamata ka haddace. Wildibis, wannan dabba mai gemu da kan sa ta gabashi da kudancin Afirka, tana ɗauke da ƙwayar cutar da likitoci ke kira MCF, kuma 'ya'yanta sabbin haihuwa su suka fi yaɗa ta. Tumaki ma suna da tasu irin. Su ba ta yi musu komai, amma in ta kama shanu, ko ɓaunar Amurka, ko barewar nan mai ƙaho reshe-reshe ta Turai da Asiya, sai zazzaɓi, majina da hawaye, ido ya yi fari, galibi kuma mutuwa. Biran saimiri da na ambata suna ɗauke da wata ƙwayar cuta ta dangin hapis da take kashe biran mamoset da tamarin. Kunkuru da kififiya suna iya ɗaukar wata ƙwayar cuta mai suna amiba a hanjinsu wadda take hallaka macizai da ƙadangaru, don haka ba na sa mesa da kififiya su sha ruwa ɗaya. Kaji suna ɗauke da tsutsar ciki da take kai cutar da ke lalata hantar talotalo da ɗawisu. Kashin kyanwa kuma, ko ta gida ce mai ratsa shinge da dare, yana ɗauke da cutar da take kashe kangaru da biran lemur.

Ba sai sun haɗa shinge ba ma. A 2010 wata farar beyar ta yankin ƙanƙara ta mutu a gidan zoo na Wuppertal a Jamus, bincike ya nuna ƙwayar cutar asalinta ta jakunan dawa ce, alhali ba wuri ɗaya suke ba. Tun da na san wannan, kowane shinge da tsintsiyarsa da sheburinsa, kuma akwai kwanon maganin wanke takalmi a bakin ƙofa.

Sabuwar dabba za ta yi killace na aƙalla kwana 30. Macizai da danginsu akan kai su kwana 90. A cikin wannan lokaci a gwada kashinta fiye da sau ɗaya, a duba jini, a yi gwajin tarin fuka ga waɗanda ake yi wa, a cire kaska. Tsofaffin mazauna filin ma a duba su, don sau da yawa su ne suke harbin baƙuwar. In ba ku da ɗakin gwaji a kusa, ka tsawaita killacen, ka kuma guji duk haɗin da aka san yana da haɗari maimakon ka ce ai naka lafiyarsu ƙalau.

3. Gyara filin da idon wadda za a kora

Shiga filin babu dabba, ka durƙusa daidai tsayin mafi ƙanƙanta, ka tambayi kanka: in an biyo ni daga nan, ina zan bi? Duk lungun da ya kai ka ga bango ba mafita, tarko ne. Toshe shi, ko ka yanke kusurwar da katako ta zama mai lanƙwasa. Gudu a shinge dole ya zama zagaye: a kewaya tarin duwatsu, a kewaya kututture, a dawo inda aka fito. Ɗakin da za a bari a buɗe ya kasance da ƙofa biyu. Ɗaki mai ƙofa ɗaya shi ne wurin da na fi tsoro a duk gidan zoo.

Yi wa ƙananan mafakar da manya ba sa iya shiga. Hanya mafi sauƙi ita ce kafa turaku a jere, da tazarar da barewa za ta wuce a guje amma jakin dawa ba zai iya ba. Auna tazarar da jikin dabbobinka, har da faɗin ƙaho, kada ka yi ƙiyasi. Mafakar ta zama tana da inuwa da ruwa a ciki, in ba haka ba ka gina kurkuku ne kawai.

Sa abubuwan tare gani: tudu, gungumen itace, rukunin shuke-shuke. Yawancin kora tana mutuwa da zarar mai korar ya daina hango wanda yake bi.

Shingen kansa sai ya iya da kowa. Ƙarfinsa na mafi ƙarfi, tsayinsa na mafi tsalle, ƙanƙantar idon ragarsa na jaririn mafi ƙanƙanta, gindinsa kuma na mai tono irin mugun dawa. In akwai tafki ko ramin ruwa, gefe ɗaya ya zama gangare mai kaushi. Zurfin da bai kai gwiwar raƙumin dawa ba yana nutsar da ɗan gada. Dabbobin da ba su san filin ba kuma ba sa ganin siririyar waya idan sun firgita, don haka rataya tamfol ko tsummoki a jikinta na makonnin farko.

4. Raba cin abinci tun kafin ka haɗa jiki

Kwami ɗaya a tsakiyar fili gayyatar faɗa ce. Wuraren ci da na sha su fi yawan rukunin dabbobin, kuma a warwatsa su yadda babba ba zai tsaya a ɗaya yana tsare ɗayan da ido ba. Yi amfani da tsayi: na raƙumin dawa a rataye shi sama da mita 3, na ƙananan a cikin mafakarsu, na tsuntsaye a bayan raga mai ƙananan ƙofofi.

Ba batun ƙoshi kaɗai ba ne. Abincin wani guba ne ga wani, kuma wannan shi ne kuskuren da na fi gani a hannun masu kyakkyawar niyya. Akwai abincin shanu na kamfani da ake sa wa maganin monensin, wanda kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki da jaki da jakin dawa. Dutsen lasa da aka yi don awaki ko shanu yana da sinadarin jan ƙarfe da yawan da yake taruwa a hantar tunkiya har ya kashe ta. Tsuntsun tukan da biran lemur jikinsu yana tara sinadarin ƙarfe fiye da kima, don haka abincin da ya dace da maƙwabtansu yana cutar da su a hankali. Maganin tsutsa na ivermectin, wanda muke ba masu kofato kullum, yana shanye jikin kunkuru ya kashe shi. Karanta takardar kowane buhu da kowace kwalba, kana tuna duk bakin da zai iya kaiwa gare shi, ba wanda ka saya dominsa kaɗai ba.

Ko babu guba, musanya tana ɓarna. Raƙumin dawa mai cin ganye ne, busasshiyar ciyawar jakin dawa ba ta riƙe shi. Jakin dawa kuma in ya samu abin da ya zubo daga kwandon raƙumin dawa, mai maiƙo da gina jiki, sai ƙiba da ciwon kofato.

Hanyar da ta fi min sauƙi: abinci mai nauyi da magani a ɗakin kwana, kowane iri shi kaɗai, safe da yamma. A fili kuwa sai abin da kowa zai ci ba illa. Wannan yana da wata riba babba. Dabbar da ta saba shiga ɗakinta in ta ji kira ko usur, ranar rikici kira ɗaya zai raba maka su. Kada ka wuce wannan mataki sai kowane iri yana amsa kiransa.

5. Su san juna ta bayan raga

Mafi rauni ita take fara shiga filin, ita kaɗai, na kwanaki, har ta san kowace mafaka da kowace ƙofa. Daga nan sai ku yi karɓa-karɓa: waɗannan da safe, waɗancan da yamma, kowa yana shinshina sawun ɗan'uwansa. In fili bai ba da dama ba, ɗebi shimfiɗar ɗakin wannan ka zuba a na wancan, bayan likita ya yarda.

Sannan ka haɗa su da raga a tsakani. Kwanakin farko za ka ga huci, tsayuwar kunne, bin raga. Wannan ba komai. Abin da kake jira shi ne ranar da suka gaji da juna, kowa ya juya baya yana cin abincinsa, wani ma ya kwanta kusa da ragar. Wani haɗin kwana uku ya isa, wani sai wata biyu. In bayan makonni akwai wanda har yanzu yake dukan raga ko yake sintiri a jikinta, ya riga ya ba ka amsa. Kada ka bari ranar buki ko matsin manya su sa maka lokaci.

6. Ranar buɗe ƙofa

Da sassafe, cikin sanyi, ranar da ma'aikata suka cika kuma ba masu kallo. Kada ka yi da yamma, don duhu zai same ka da rikici a hannu. Kada ka sake su da yunwa, kuma kada ka tara abinci wuri ɗaya. Watsa shi ko'ina.

Mata da masu sanyin hali su fara. Namiji babba shi ne na ƙarshe, wani lokaci bayan kwanaki. In iri uku ne, haɗa biyu su zauna tukuna.

Kowa ya tsaya a ƙofarsa, a yi shiru, mutum ɗaya ne yake magana a oba-oba. Ku yanke tun kafin a buɗe: me za mu gani mu raba? Gajeriyar kora, barazana da ƙaho, harbin iska, duk cikin gaisuwa ne, kuma in ka yi saurin shiga tsakani gobe daga farko za su sake. Amma ka raba nan take in ka ga an ƙure wata a lungu, ko an taru a kan guda, ko wadda ake kora tana faɗa wa shinge, ko tana haki baki buɗe kuma ba a ƙyale ta ba. Wannan na ƙarshen kada ka yi wasa da shi. Barewa da danginta in an yi musu doguwar kora tsokarsu tana lalacewa. Za ka ga ta tsira ba rauni, washegari ta kasa tashi, fitsarinta ya yi duhu, ta mutu.

Wajen rabawa fara da kira da buɗe ƙofa, sannan ƙara, sannan ruwa. Allura ita ce ta ƙarshe, don dabbar da magani ya fara kama ta ba ta iya kare kanta. Ba mai shiga da ƙafa tsakanin manyan dabbobi, ko wane ne shi. Shurin jimina kaɗai yana farke cikin mutum.

Ranar farko awa ɗaya ko biyu ta isa, ko da komai yana tafiya daidai. Ƙara lokaci a hankali. Kwana tare kuwa sai an yi makonni ana wuni lafiya, kuma daren farko da ido a kansu.

7. Makonnin da kowa yake sakin jiki

Haɗari ya fi yawa bayan an ce an yi nasara. Ɗauki taswirarka, ka zauna inda ba ka dame su ba, duk minti 15 ka sa alamar inda kowace dabba take da abin da take yi. Yi haka a lokuta daban-daban, har da lokacin da masu kallo suka cika. Bayan mako guda ka jera takardun. In alamar wata dabba kullum a kusurwa ɗaya take, to filin da take rayuwa a ciki ke nan, komai faɗin sauran.

Na koyi wannan da tsada. Mun taɓa sa gada a fili tare da manyan masu kofato da jiminu. Ba wanda ya taɓa ta. Kullum tana kwance a bayan wani gungume, muna cewa ai halin gada ne. Sai a mako na uku na lura haƙarƙarinta ya fito. Da muka sa kyamara, ashe namijin jimina ne ya mayar da bakin ruwa wurin tsayuwarsa. Bai taɓa bin ta ba, tsayuwa kawai yake yi. Ita kuwa sai tsakar dare take fitowa, lokacin kwami ya zama wayam. Mun cece ta, amma da ƙyar, kuma maganin bai wuce kwanon ruwa na biyu a bayan turaku ba.

Dabbobin da ake farauta suna ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsu, don haka kada ka jira ɗingishi. Duba ƙugu da haƙarƙari, gashin da ya tuje, tabon cizo a wutsiya da agara, kashin da ya canza, da sabuwar hanyar da sawu ya fitar a jikin shinge. Mai tuƙa da ba ka taɓa ganin ta kwanta tana tuƙa a fili ba, a takure take. In akwai sikeli, auna ƙananan duk mako. In babu, ɗauki hotonsu daga gefe ɗaya a rana ɗaya ta kowane mako ka kwatanta.

8. Barbara da haihuwa suna rushe lissafi

Zaman lafiyar da ka gani na wannan yanayin ne da waɗannan dabbobin a wannan shekarun. Namijin jimina in wuyansa da ƙafafunsa suka yi ja, ba shi ne wanda ka sani watan jiya ba. Gauraka in sun yi sheƙa suna korar abin da ya ninka su girma, su kuma jawo a tattake su. Ɗan da ya tashi a filin yana wasa da kowa, shekarar da ya balaga shi zai fara gwada ƙahonsa a cikin maƙwabta.

Mafi muni shi ne jakin dawa da jariran wasu. Sananne ne a wannan aiki cewa yana kashe sabon haihuwar barewa da danginta, da cizo da tattaka, kuma ba namiji kaɗai ba. Saboda haka ka riƙe lissafin cikin kowace mace, ka shigar da ita ɗaki kafin ta haihu. Kada ɗan ya fito sai yana gudu sosai yana bin uwarsa. Ranar fitarsa a kulle jakunan dawa, ya koyi filin da mafakarsa, sannan a sake bi ta raga kamar baƙo. Gada da mazo da barewa suna ɓoye ɗansu a ciyawa su tafi kiwo, shi kuma ba ya motsi ko an zo kansa, to a fili mai manyan kofatai wannan ɗabi'a ita take kashe shi. In ba ka da ɗakin haihuwa, kada ka bar su su hayayyafa a haɗe. Raba maza, ko ka nemi likita ya ba da maganin hana ɗaukar ciki.

Haka kuma duk wani canji, ko mutuwar babba, ko zuwan sabuwa, ko dawowar wadda ta yi mako biyu a jinya, koma mataki na 5.

9. In abin ya ƙi

Kafin ka rushe haɗin duka, duba littafinka ka gano ko iri ne matsalar ko dabba guda. Sau da yawa dabba ɗaya ce a garken, in ka cire ta sauran su zauna. Na ga jakunan dawa da suka yi shekaru da barewa lafiya, na kuma ga wata goɗiya guda da ba ta bar kowa ya sha ruwa ba.

In iri ne, kana da hanya biyu ban da rabuwa ta dindindin. Ko su riƙa karɓa-karɓa da filin, ko ka raba shi da shinge marar tsayi ko rami a ɓoye, mai kallo ya gan su tare alhali ba sa kai wa juna. Wanda ya yi ɓarnar shi ake fitarwa, ba wadda aka zalunta ba, sai dai in tana bukatar jinya. Kuma bayan ka fitar da shi, ka koma kujerarka da taswira na mako biyu, don gurbin da ya bari akwai na biyunsa da ya daɗe yana jira.